Kamera a bakin zaure: wasu finafinan zahiri kan zaman iyali a ƙasar Hausa ta Nijar

Duk wanda ya taɓa zama baƙo a wani gida a Maraɗi ko Damagaram, aka miƙo masa littafin hotuna domin ya rage zaman jira, ya san abin da zai tarar a ciki tun bai buɗe ba: amarya cikin lulluɓi, jariri ranar suna, yara da kayan salla, alhaji ranar da ya sauka daga Makka, ɗalibi riƙe da takardar shaidarsa. Abin da ba zai tarar ba shi ne daka da tuƙin tuwo da wankan yaro da zaman tsakar gida bayan la'asar, wato ayyukan da suka cinye mafi yawan kwanakin gidan. Wannan ba mantuwa ba ce. A wurinmu hoto ado ne, ana yi masa shiri kamar yadda ake yi wa idi, kuma masu ɗaukar hoto na birane sun daɗe da gane haka. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan ara wa mutane agogo ko rediyo ko babur su tsaya da shi, domin abin da mutum yake so a tuna shi da shi, shi ake ɗauka. Ko Philippe Koudjina, wanda ya yi ta zagaya Yamai da kamera tun shekarun 1960, ya fi bin gidajen rawa da bukukuwa, inda jama'a ta fito da niyyar a gan ta.

Akwai kuwa wani salo na hoto da na fim wanda ya sa gaba ga abin da littafin hotunanmu ya bari. Faransawa suna kiran irin wannan fim documentaire. Mu a nan za mu ce masa fim na zahiri, tun da mutanen cikinsa ba ƴan wasa ba ne, kuma ba a rubuta musu abin da za su faɗa ba. Manufarmu a wannan ƴar maƙala ita ce mu duba yadda salon ya kasance da ya shigo gidan Bahaushe, ta hanyar ayyukan mutum uku: Éliane de Latour, Sani Magori da Aïcha Macky. Abin da muke so mu nuna shi ne, a gida mai zaure babu mai kamerar da zai zama kamar ba ya nan. Dole yana da matsayi, ko baƙo ko ɗan gida ko matar gida, kuma darajar aikinsa tana rataye ga yadda ya karɓi wannan matsayi a gaban mai kallo.

1. Da'awar "kamar ba kowa"

Masu wannan salo a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa idan mai kamera ya jima a cikin gida za a saba da shi har a manta yana nan, sai rayuwa ta ci gaba kamar ba kowa. Tarihin salon kansa bai goyi bayan wannan magana ba. Fim ɗin da ake ɗauka a matsayin kakan finafinan zahiri, Nanook of the North na Robert Flaherty (1922), labarin iyali ne na mutanen Inuwit a arewacin Kanada. Amma matar da aka nuna a matsayin matar Nanook ba matarsa ba ce, kuma ɗakin ƙanƙarar da aka ga suna kwana a ciki an gina shi da gefe guda a buɗe domin haske ya ishi kamera. Bayan shekara hamsin, a 1973, talabijin ɗin Amurka ya nuna An American Family a kashi 12, waɗanda aka tsamo daga wajen sa'a 300 da aka ɗauka a gida ɗaya cikin wata bakwai. Auren mutanen gidan ya mutu ana cikin ɗauka, kuma har yau ana gardama a kan ko zaman kamerar ya sa hannu a ciki.

Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 ya kuma rasu a hanya kusa da Ƙonni a 2004, ya ɗauki wata hanyar dabam. A wurinsa kamera tana tsokanar mutane su faɗi abin da ba za su faɗa ba in ba ta nan, kuma wannan tsokana ita ce amfaninta, don haka babu dalilin ɓoye ta. Mun yarda da shi a nan. Sai dai ya kamata a lura cewa yawancin finafinan da ya yi a ƙasarmu a fili aka yi su: farauta, bori, tafiya ci-rani, kasuwa, kogi. Cikin gida, inda mata suke, kusan a rufe ya kasance gare shi, kamar yadda yake a rufe ga kowane baƙo namiji.

2. Abin da zaure yake tsarewa

Ginin gidan Bahaushe shi da kansa tsari ne na wanda zai ga me. Baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce zuwa shigifa, cikin gida kuwa sai mata da yara da muharramai. Bayan wannan katanga ta ƙasa akwai wata wadda ta fi ta wuyar tsallakewa, ita ce kunya. Mata ba ta kiran sunan mijinta. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Miji da mata ba su cika cin abinci a kwano ɗaya ba. Suruki yana kauce wa surukinsa. A sama da duka akwai rufin asiri, wanda ya sa talauci da ciwo da saɓanin aure suke zama abubuwan da ake sani amma ba a furtawa.

Wannan yana da sakamako kai tsaye ga mai kamera. Hotunan iyali na zahiri da ake yi a Turai suna da alamomin da mai kallo yake gane ƙauna da su: runguma, yara sun hau gadon iyaye, uba yana wasa da ɗansa a ƙasa. Wanda ya shigo gidanmu yana neman waɗannan alamomi zai fita hannu rabbana, ko kuma, abin da ya fi muni, ya fita da fim ɗin da zai sa mai kallo na waje ya ɗauka babu ƙauna a gidan. Alhali kuwa tana nan, a wasu wurare ne take: a tsokar naman da aka ajiye wa wani a gefen tukunya, a wasan kaka da jika, a tsiyar da taubasai suke yi wa juna, a shirun uwa sa'ad da ake yabon ɗan farinta. Duk waɗannan suna buƙatar mai kamera da ya san inda zai duba, da kuma mai haɗa fim wanda ba zai yanke shirun ya yar ba don yana ganin ba abin da ke faruwa.

3. Baƙuwa a tsakar gida

Éliane de Latour masaniyar halayyar al'umma ce daga Faransa, ta yi bincike mai tsawo a ƙasar Mawri kafin ta fito da Contes et comptes de la cour a 1993, fim ɗin da ya samu kyautar Georges Sadoul. Ta shiga gidan wani babban mutum mai mata huɗu a kulle, ta zauna tare da su. Kasancewarta mace shi ya buɗe mata ƙofar da ta gagari maza, kasancewarta baƙuwa kuma, a namu gani, ya buɗe mata wata: akwai maganar da ake iya yi a gaban wanda ba dangin kowa ba ne, wanda ba zai kai ta gidan surukai ba.

Sunan fim ɗin wasa ne da kalmomi biyu masu sauti ɗaya a Faransanci, labari da lissafi, kuma lissafin shi ne babban abin da ya kawo. Matan ba su fita, amma kuɗinsu yana fita: abincin sayarwa, ƴan aike, yara masu talla, jarin da ake juyawa domin tara kayan ɗakin ɗiya. Masu bincike sun riga sun rubuta wannan. Polly Hill ta kira shi ɓoyayyen ciniki tun 1969 a aikinta kan Batagarawa kusa da Katsina. Amma karanta shi daban, ganin mace zaune a kan tabarma tana ƙirga riba daban. Dogon fim ne, kuma tsawonsa ya ba shi damar nuna abin da gajeren fim ba ya iyawa, wato nauyin lokaci a gidan kulle, da jiran kwana, da yadda kishi yake tafiya a ƙarƙashin hira.

Inda muke da ja shi ne wajen tambayar wa aka yi wa fim ɗin. Mai kallon da aka nufa yana karanta fassarar Faransanci a ƙasan hoto, fassara kuwa ba ta ɗaukar habaici. Wannan matsala ce ta dukan finafinan da muke magana a kai, ba nata kaɗai ba. Idan mace ta ce "shi" ko "mai gidan", layin fassara yakan ce mon mari, sai kaucewar da ta yi wa sunan, wadda ita ce ma'anar maganar, ta ɓace. Bahaushe mai kallo yana jin abu biyu a jimla ɗaya, wanda yake karatu yana samun ɗaya. Saboda haka fim guda ne a ido amma biyu ne a kunne, kuma masu sharhin Turai na farkon kawai suka yi wa hukunci.

4. Ɗan gida

Sani Magori haifaffen Galmi ne a jihar Tawa, ya karanci aikin gona kafin ya koyi fim a jami'ar Saint-Louis ta Senegal. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, a garinsu ya yi shi. Zaren labarin gajere ne: wata yarinya ta shekara biyu tana jiran aurenta, dangin ango sun matsa, gari ya fara magana, sai uban ya yanke cewa za a yi biki da girbin albasa. Daga nan sai ranar auren ta koma hannun abin da uban ba shi da iko a kai.

Wanda ya san noman albasa a wannan yanki ya san tarkon da ke cikin alkawarin. Noman rani ne, kowa yana girbe tasa a lokaci ɗaya, kuma a daidai lokacin ne farashi yake faɗuwa ƙasa. Mai hali yana zuba tasa a rudu ya jira watannin da za ta yi tsada, ko da wani kashi zai ruɓe. Wanda biki yake jira ba ya da wannan zaɓi, dole ya sayar wa dillalan da ke loda manyan motoci zuwa Abijan da Akara da Kwatano a farashin da suka ga dama. Magori ya san wannan ta fuska biyu, a matsayin masanin gona da kuma ɗan gari, shi ya sa bai buƙaci muryar mai sharhi ta yi ta bayani ba. Ya bar kasuwa ta shigo cikin gida da kanta. A namu gani wannan shi ne mafi kyawun abin da fim ɗin ya yi: ya nuna cewa zaman iyali ba ya ƙarewa a bakin zaure, farashin buhu a wata ƙasa yana iya ɗaga ranar ɗaurin aure a Galmi.

Sai dai matsayin ɗan gida yana da nasa iyaka. Domin yarinyar ake duk wannan fafutuka, amma ragamar labarin tana hannun uban da gonarsa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin sakaci ba. Namiji ɗan gari ba zai zauna da budurwar da ake shirin aurarwa ya tambaye ta abin da ke ranta ba, ko ya tambaya kunya ce za ta amsa. Ƙofar da ta buɗe wa baƙuwa daga Faransa ita ce ta rufe wa ɗan Galmi.

Fim ɗinsa na gaba, Koukan Kourcia (2010), wato kukan kurciya, ya fi ba mu abin tunani. Mahaifin Magori ya tafi Abijan ya yi shekaru bai dawo ba, kamar dubban mazan yankin. A shekarun baya waƙoƙin wata zabiya suna cikin abin da ya zuga samari su bar gida su tafi nema. Sai ɗan ya je ya samo zabiyar, ta tsufa, ya roƙe ta ta bi shi har bakin teku ta yi wata waƙar da za ta kira su gida. Mai bin ƙa'idar "kamar ba kowa" zai ce wannan ba zahiri ba ne, tun da ba don fim ɗin ba da tafiyar ba ta auku ba. Mu kuwa muna ganin babu abin da ya fi shi zama na zahiri a tsarin Bahaushe. Ɗa ba ya tsayawa gaban ubansa ya ce masa ka dawo gida, ka bar mu da uwarmu. Yakan nemi wanda bakinsa ya isa, aboki ko malami ko maroƙi. Magori ya mai da fim ɗin kansa ɗan aike. Bai tsallake kunya ba, ya bi ta hanyar da kunya ta tanada, kuma mai kallo yana ganin haka a fili, ya san ɗa ne yake riƙe da kamera, ya san abin da yake nema.

5. Matar gida

Aïcha Macky ƴar Damagaram ce, ta karanci ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai. L'Arbre sans fruit (2016), itacen da ba ya ƴaƴa, a kan rashin haihuwa yake, kuma nata rashin haihuwar ne ta fara sa wa a gaba. A ƙasar da binciken 2012 ya ba da matsakaicin haihuwa 7,6 ga kowace mace, matar da ta yi shekaru a ɗaki ba ta haihu ba ta san sunayen da ake kiranta da su a bayan ido, ta kuma san cewa ita za a fara tuhuma, ko da yake likitoci sun tabbatar sau da yawa matsalar daga namiji take. Wannan yana cikin manyan abubuwan da rufin asiri yake rufewa. Fim ɗin ya ci kyautar fim na zahiri a gasar finafinan Afirka ta AMAA a shekarar da ya fito.

Dabarar da ta ba ta damar magana ta yi kama da ta Magori, ko da yake ta fi ta zafi. Muryarta a fim ɗin ba da mu take magana ba, da mahaifiyarta take, wadda ta rasu wajen haihuwa. Abin da ɗiya ba za ta iya faɗa wa uwa mai rai ba, balle taron jama'a, ta faɗa wa wadda ta riga mu gidan gaskiya, mu kuma muka zama kamar masu ji ta bayan zana. Haɗa mutuwar uwa a wajen haihuwa da wahalar ɗiya a rashin haihuwa ya hana fim ɗin zama kukan mutum ɗaya. Ya nuna mace tana tsakanin haɗari biyu, kuma al'umma ɗaya kawai take gani.

Da yake ta fara tona nata, sai sauran matan suka samu bakin magana, kuma wannan adalci ne da baƙo ba zai iya yi ba, tun da ba shi da abin da zai ajiye a madadin abin da ya karɓa. Duk da haka ba za mu ce nauyin ya zama ɗaya ba. Mai fim tana tafiya da aikinta ƙasashe, ana tafa mata. Matar da ta yi magana a gaban kamerarta tana nan a unguwa, da kishiya da uwar miji da maƙwabta. Mun taɓa nuna fim ɗin ga wasu ɗalibai, sai wata a cikinsu ta ce ita ba abin da aka faɗa ne ya dame ta ba, fuskokin ne. Ba mu da amsar da ta gamsar da ita. Abu na biyu, muryoyin da suka cika fim ɗin na mata ne. A nan zaure ya juya: maza ne suka koma ciki suka rufe ƙofa, kuma fim ɗin da zai shiga wurinsu a kan wannan magana yana jiran namijin da zai yarda ya fara da kansa.

6. Minti 52

Fim ɗin albasa da na Macky kowanne minti 52 ne, kuma wannan ba dace ba ne: ma'aunin gidajen talabijin na Turai ne, waɗanda kuɗinsu da na masu shirya fim na Faransa suke cikin abin da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan ayyuka. Ma'aunin yana son matsala guda, da wa'adi, da warwara. Shi ya sa finafinanmu na iyali suke zaɓen lokacin da gida yake cikin tsanani: auren da ya ƙi ɗauruwa, uban da ya ƙi dawowa, cikin da ya ƙi samuwa. Ranar da ba abin da ya faru, wadda ita ce mafi yawa, har yanzu ba ta samu mai ɗaukarta ba. Littafin hotuna ya ɗauki ranar farin ciki, fim na zahiri ya ɗauki ranar damuwa, daka da tuƙin tuwo suna nan inda muka bar su a farkon wannan maƙala.

Wayar hannu ta canza wani ɓangare na lamarin. Yanzu a gidaje da yawa akwai kamera a cikin gida, a hannun ƙanwa ko ɗiya ko amarya, mutanen da ba su buƙatar izinin wuce zaure domin a ciki suke. Ana ɗaukar yaro yana koyon tafiya, ana ɗaukar tsohuwa tana tsinkar zogale, ana aika wa ɗan'uwa da ke Agadas ko Libiya ta WhatsApp. Waɗannan su ne hotunan zaman yau da kullum na farko da gidajenmu suka yi wa kansu da yawa haka, kuma ya kamata sashenmu ya fara tunanin yadda za a nazarce su. Sai dai hoton da aka ɗauka domin mutum ɗaya yana iya kaiwa ga dubu kafin magariba, ba tare da wanda ke cikinsa ya sani ba.

A 1954 Rouch ya koma Ayoru ya nuna wa masuntan Sorko fim ɗin da ya yi a kan farautar dorinarsu. Suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin farautar dorina a shiru ake yinta, kiɗa zai ƙara wa dabbar ƙarfin zuciya. Ya karɓi gyaran, kuma daga nan mayar da fim ga mutanen cikinsa ya zama ƙa'idar aikinsa. Ga fim ɗin iyali ƙa'idar ta fi wuya, domin masuntan a dandali ɗaya suka zauna suka kalla, gida kuwa ba ya kallo a wuri ɗaya. Abin da uwargida za ta yarda a nuna a gaban kishiyoyinta ba shi za ta yarda a nuna a gaban surukinta ba, kuma mai gidan da ya ba da izinin shiga ba shi ne ya yi maganar da aka ɗauka ba. Wanda zai mayar da irin wannan fim gida sai ya shirya nuna shi sau biyu ko uku, a zaure da cikin gida, ya kuma yanke tun da wuri maganar wa zai bi idan ɓangarorin suka saɓa.